Matambayi ba ya ɓata: kifin ƙarfen da ke farautar nakiya a ƙasan teku

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon saƙonninku kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, bidiyon nan da ya zagaya WhatsApp inda sojojin ruwa biyu suka ciccibo wani dogon ƙarfe mai ruwan ɗorawa kamar tulun gas ɗin masu walda, suka tura shi cikin teku ya nutse ya kama gabansa, ba igiya ba kowa a ciki. Sunansa na littafi jirgin ƙarƙashin ruwa mara matuƙi mai sarrafa kansa, sunan ya yi tsawo, ni dai kifin ƙarfe zan riƙa ce masa. Tambaya biyar na zaɓo, waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, amsarsu na cikin waɗannan.

Malam barka da aiki. Ni direban tirela ne, Ngaundere zuwa Injamena nake yi. Na ga bidiyon nan wai inji ne da yake neman bom a cikin teku shi kaɗai. To wane irin bom ne ake sawa a ruwa, kuma mu da ko tekun ba mu taɓa gani ba sai a tele me ya shafe mu da shi?
*Direba, daga Ngaundere*

Direba sannu da hanya, Allah Ya kiyaye mana ku. Bari in fara da ta biyun. Kwantenar da ake ɗora maka a Ngaundere ai jirgin ƙasa ne ya kawo ta daga Duwala, can Duwalan kuma jirgin ruwa ne ya sauke ta, haka alkamar burodin da yara ke ci da safe a Marwa, haka shinkafa, haka takin auduga, har tayar da ke ƙarƙashin motarka. Chadi ba ta da teku ko taku ɗaya, kusan kilomita 1,800 ne tsakanin Injamena da Duwala, amma man da ake haƙowa a Doba tun 2003 bututu mai kilomita 1,070 yake bi har Kiribi, can ake ɗura wa jiragen ruwa. Kaga kenan ko ba ka taɓa jiƙa ƙafarka da ruwan gishiri ba, lodinka da tuwonka a kan ruwan nan suke tafiya.

Ita nakiyar ruwa ba kala ɗaya ba ce. Ta dauri ita ce baƙin ƙwallon ƙarfen nan mai ƙahoni, ana ɗaure ta da waya a jikin wani nauyi da ke zaune a ƙasa, sai ta riƙa reto a cikin ruwa daidai inda cikin jirgi zai goga. A cikin kowane ƙaho akwai 'yar kwalba mai ruwan batir, jirgi na lanƙwasa ƙahon kwalbar ta fashe, lantarki ya tashi, shikenan sai labari. In wayar ta tsinke kuma sai ta shiga yawo da igiyar ruwa, ba ta san jirgin abokin gaba ba ba ta san na mai ita ba. Wadda ta fi wannan mugunta kwanciya take yi a ƙasa lamo, ba sai an taɓa ta ba, kunne gare ta. Tana jin ƙarar inji, tana jin maganaɗisun ƙarfen jirgi, wata har canjin nauyin ruwa take ji in babban jirgi ya bi ta samanta. Akwai wadda ake saita ta ta ƙyale jirgi na ɗaya da na biyu har na biyar su wuce lafiya, sai kowa ya saki jiki ya ce hanya ta yi kyau, sannan ta tashi da na shida.

Kuma arha gare ta, nan ne matsalar. Ranar 14 ga Afrilu 1988 wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Samuel B. Roberts ya taka nakiyar Iran a Tekun Fasha, saura ƙiris ya rabe biyu. Nakiyar an ƙiyasta kuɗinta dala 1,500, gyaran jirgin ya ci kusan dala miliyan 90, dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta saifa biyar ba. Kafin wannan a 1950 lokacin yaƙin Koriya, an zuba nakiya wajen 3,000 a bakin tashar Wonsan, wasu ma da kwalekwalen masunta aka kai su, jiragen Amurka da ƙawayenta kusan 250 ɗauke da sojoji suka yi ta kai da kawo a teku kusan mako guda sun kasa sauka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne nakiya ba sai ta fashe take aiki ba. Kai ka fi ni sani, ranar da aka ce an ga wani abu a hanyar Mora zuwa Dabanga, ko da ƙarya ce, motoci layi suke yi a gefen titi ana jiran sojoji, tumatir na ruɓewa, mai kaya na ta kira. To haka teku take. Mutum ya ce ya zuba nakiya goma a mashiga, ko biyu kawai ya zuba ko ma bai zuba ba, masu inshora za su ninka kuɗi, masu jirgi su ce ba su shiga, sai an bi wurin taku-taku an tabbatar. Mun gani a Bahar Aswad daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi, alkama ta maƙale a tashoshi, nakiyoyin da suka tsinke suka riƙa yawo har Turkiyya ta rufe mashigin Bosforus na 'yan awanni a watan Maris na shekarar saboda guda ɗaya tal, daga baya a Janairun 2024 Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka sa hannu suka haɗa rundunar share ruwan. Ba nakiya kaɗai ta tsadar da fulawa ba a lokacin, amma tana cikin masu laifin. Yanzu ka tuna Duwala a cikin kogin Wuri take, hanyar shigar jirage guda ce ƙuntatacciya da kullum sai an yashe laka. Ba ina ce akwai wani abu a wurin ba, Allah Ya kiyaye, damuwar tekunmu ta Gini fashi ce, shi ya sa ma aka yi taron Yawunde a 2013. Ina nuna maka ne yadda ƙofar cin abincin ƙasa biyu zuwa uku take 'yar siririya.

Yaya ina wuni. Ina karatun kimiyya a jami'a nan Marwa. Abin da ya ɗaure min kai, ƙasan teku duhu ne kuma an ce mana GPS ba ya aiki a cikin ruwa, to ta yaya abin yake gani, kuma ta yaya yake sanin inda yake har ya dawo?
*Ɗalibi, daga Marwa*

Ƙanena lafiya lau, kuma malaminku ya faɗa muku gaskiya. Saƙon tauraron ɗan'adam na taɓa ruwan gishiri yake mutuwa, haske ma a ruwa mai laka irin na bakin tasha in ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Abin da ruwa yake so shi ne sauti. A iska sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa, a ruwa kusan 1,500, kuma yana nisa. Saboda haka kifin ƙarfe da kunne yake gani irin na jemage.

A haƙarƙarinsa dama da hagu akwai na'urar amsa-kuwwa, ana ce mata sona. Tana sakin ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji, sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, ƙarar ta bazu gefe kamar mafici ta daki ƙasa ta dawo. Yashi yana maido da ita wani iri, laka tana shanye ta, dutse ko ƙarfe ya maido ta da ƙarfi. Daga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo ake sanin nisa. Layi bayan layi kwamfutar ciki tana jerawa har ya zama hoto kamar ka shimfiɗa tabarma. Abin da zai ba ka mamaki, ƙwararru ba hasken abin suka fi kallo ba, inuwarsa suke kallo. Duk abin da ya ɗago daga ƙasa yana tare sauti ya bar baƙi a bayansa, kamar inuwar tukunya da hantsi, to tsawon inuwar da siffarta su ke faɗa maka tsayin abin da ko doguwa ce kamar ganga ko mai tsini ce. Masu ƙera nakiya ma sun san da haka, shi ya sa Italiyawa suka yi wata mai suna Manta kamar an kifa kwano, jikinta ba ƙarfe ba, 'yar gajeriya mai ƙaramar inuwa, irinta ce ta illata jirgin Amurka Princeton ranar 18 ga Fabrairu 1991 a yaƙin Kuwait, a ranar ce kuma wani jirgin nasu Tripoli shi ma ya taka wata mai ƙaho. Gaba da gabanta kenan.

Tafiyarsa kuwa ba ta burgewa ba ce ko kaɗan. Ka taɓa ganin mai huɗa da garmar shanu? Ya miƙe har ƙarshen gona, ya juyo, ya kama kunya ta gaba, haka haka har yamma. Haka ake zana masa gonarsa a kwamfuta kafin a sake shi, yana tafe 'yan mitoci sama da ƙasa, gudunsa bai fi kilomita 5 zuwa 9 a awa ba, kowace kunya tana ɗan hawa kan 'yar'uwarta don daidai ƙarƙashin cikinsa akwai wurin da sonar gefe ba ta gani da kyau. Kuma wannan natsuwar ita ce amfaninsa, jirgin da ke tafiya a saman ruwa igiyar ruwa na jijjiga shi hoto ya karkace, shi kuwa yana can ƙasa lif, kusa da abin da ake nema. Na zamani suna da wata dabara, suna haɗa amsa-kuwwa da yawa da suka tara suna cikin tafiya su lissafa su wuri ɗaya, sai ya zama kamar kunnen ya ninka tsawonsa sau da yawa, da wannan ake bambance abu mai santimita ƙalilan daga nisan fiye da mita 100. Wanda ya yi suna a wannan shi ne HUGIN na ƙasar Norwe, kamfanin Kongsberg da cibiyar binciken tsaron ƙasar suka fara shi tun shekarun 1990.

Sanin hanya kuma lissafi ne irin na makaho mai wayo da ya san taku nawa ne daga zaure zuwa masallaci. Kafin ya nutse yana ɗaukar GPS na ƙarshe. Yana nutsewa sai wasu na'urori a cikinsa su riƙa auna duk juyi da duk motsin da ya yi, wata kuma a ƙarƙashin cikinsa tana harba sauti ƙasa ta baki huɗu tana auna gudunsa a kan ƙasar, ga ma'aunin zurfi. Gudu kaza, na minti kaza, ta fuska kaza, to ina nan kenan. Sai dai kuskure yana taruwa kaɗan-kaɗan kamar bashin mai shago, shi ya sa ko dai ya riƙa leƙowa sama yana gyara lissafi da GPS, ko a jefa masa wasu turaku masu ƙara a ruwa waɗanda aka san inda suke ya riƙa auna kansa da su. Kar ka raina wannan ɓangaren, in ya ce ya ga nakiya a wuri kaza alhali ya kauce da mita 30, wanda za a tura ya nemo ta a cikin duhu ya shiga uku.

Magana da shi yana ƙasa ma ta sauti ce, kuma reso ne mai sanda ɗaya, ɗan gajeren saƙo kawai ke wucewa, ina nan, batir saura kaza, na ga wani abu. Hotunan gaba ɗaya sai ya fito an zuƙe su. Ɗan ƙaramin da aka fi gani, kuma ina kyautata zaton irinsa ne a bidiyon, REMUS 100 ne, cibiyar nazarin teku ta Woods Hole a Amurka ta ƙirƙiro shi, tsawonsa wajen mita 1.6, nauyi kilo 37, bai kai buhun siminti ba, yana nutso har mita 100, batirinsa irin na wayarka ne sai dai babba.

Malam ni 'yar kasuwa ce, atamfa da turare nake sarowa. Ni tsoro abin ya ba ni wallahi. Inji ba mutum a ciki yana yawo da bom, in ya rikice ya fasa jirgin alhazai ko na kaya fa? Kuma da ya ga nakiyar shi ke fasa ta?
*Hajiya, daga Kusiri*

Hajiya ki kwantar da hankalinki, wannan ɗin da muke magana ba ya ɗauke da ko ashana. Ɗan leƙen asiri ne, ya je ya gani ya dawo ya ba da labari. In ya rikice abin da aka koya masa shi ne ya daina aiki ya taso sama ya yi ta kiran a zo a ɗauke shi, asarar dai ta masu shi ce in ya maƙale a komar masunta.

Bayan ya dawo ne aikin gaske yake farawa, kuma nan ne masu tallan na'urar ba su cika son a tsaya ba. Ƙasan tashar jirgi bola ce Hajiya, tsohuwar taya, ganga, firij, anga da ta tsinke, duwatsu, kuma rabinsu a hoton sona kamar nakiya suke. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, to a wannan aikin dole ka yi tsallen, ba ka da ikon cewa ai wannan ganga ce. Wani zai zauna gaban kwamfuta awa da awanni yana duba hoto har ido ya yi ja, yanzu an koya wa kwamfutar ta riƙa zagaye abin da take zargi da kanta, tana taimakawa ƙwarai amma tana yawan ihu a banza, kuma in aka kai ta ƙasa mai duwatsu ko ciyawa wadda ba ta saba da ita ba sai ta rikice. Duk abin da aka zarga sai an koma an kalle shi da kyamara kusa da kusa. In ta tabbata nakiya ce, ko dai mai nutso ya sauka ya ajiye mata abin fashewa ya yi nisa, ko a tura wani ƙaramin inji daban, kamar SeaFox na Jamus, wanda yake jan siririn zaren gilashi a bayansa, mutum na kallo a allo yana tuƙa shi har jikin nakiyar, mutum ne kuma yake danna maɓalli, injin ya tashi tare da ita. Yankan hukunci yana hannun ɗan'adam.

Karo na farko da aka gwada kifin ƙarfe a yaƙi na gaske shi ne a tashar Umm Ƙasr ta Iraƙi a Maris 2003, ruwan wurin laka ce zalla, REMUS ya bi ya zana ƙasan, masu nutso suka bi bayansa, har da dabbar ruwan nan dolfin da sojan ruwan Amurka ke horarwa a San Diyego, don ita nata amsa-kuwwar Allah ne Ya yi mata kuma tana gano abin da laka ta rufe, wanda har yau shi ne ya fi ba injin wahala. Ranar 28 ga watan jirgin Ingila Sir Galahad ya samu shiga da kayan agaji. A da kuwa sai jirgi da mutane arba'in ko fiye su shiga tsakiyar filin nakiyar da kansu, shi ya sa ake yin jikin jiragen da katako ko roba mai zaren gilashi don kada nakiya mai jin maganaɗisu ta ji su. Yanzu Beljiyam da Holan sun ba da kwangilar jirage 12 tun 2019, shida shida, waɗanda za su tsaya can nesa su riƙa aika injina. Ni a ganina wannan ne ribar abin, ba wai ya fi sauri sosai ba ko ya fi arha, a'a, 'ya'yan mutane ne aka fitar daga cikin filin.

Maganar alhazai da kika yi kuwa ba ki yi ƙarya ba, an taɓa shiga wannan fargabar. A damina ta 1984, gab da aikin hajji, jirage fiye da goma sha biyar suka taka nakiya a Bahar Maliya da bakin Suwez, aka zargi Libiya ta musanta, ƙasashe da dama suka turo jiragen shara suka yi makonni suna lalube. Lokacin babu wannan kifin a aikin.

Ɗana, ni tsohon soja ne, na yi aiki a arewa wajen Faya. Na ga abin da nakiya ta yi wa mutane da raƙuma da idona. Wannan injin ba za a kawo mana shi ya share mana ƙasa ba?
*Wani dattijo, daga Injamena*

Baba ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Wannan kam ba zai yi ba Baba, don shi duk ƙarfinsa a ruwa yake, sautin da yake gani da shi ba ya ratsa iska da rairayi yadda yake ratsa ruwa, ka ɗora shi a Borku ya zama tulun gas kawai. Abin da yaƙin Chadi da Libiya ya bari a Borku da Ennedi da Tibesti, irin na kewayen Wadi Dum tun 1987, da abin da 'yan ta'adda ke binnewa yanzu a hanyoyin yankin tafkin Chadi da Mayo-Sava, aikinsu daban ne, na'urar jin ƙarfe, da mutum a durƙushe yana tona ƙasa a hankali, da karnuka, da motoci masu sulke. Har gafiya ana horarwa, wallahi ba wasa nake ba, ƙungiyar APOPO a Morogoro ta Tanzaniya take koya musu shinshino maganin fashewa, ba su da nauyin da zai tayar da nakiya, sun yi aiki a Mozambik da Angola da Kambodiya. Jirgi mara matuƙi na sama shi yana taimakawa wajen ɗaukar hoton fili a san inda za a fara.

Inda aikin biyu suka haɗu shi ne haƙuri da rubutu, wane wuri aka bi, wane ne ba a bi ba, don fili ba ya zama mai tsabta sai an iya nunawa a takarda. Ta fuskar doka kuma nakiyar ƙasa mai kashe mutum an haramta ta a yarjejeniyar Ottawa ta 1997 wadda Chadi da Kamaru duk suna ciki, ta ruwa kuwa ba a haramta ta ba, tsohuwar yarjejeniyar Heg ta 1907 ce kawai ta ce wadda aka ɗaure in ta tsinke dole ta mutu, wadda aka saki ba ɗauri kuma kada ta wuce awa ɗaya da rai bayan ta fita hannun mai ita. Bin dokar kuma wani zance ne. Su ma Turawa ba su gama da nasu ba, a ruwan Jamus kaɗai an ƙiyasta tan miliyan 1.6 na tsofaffin bama-bamai da harsasai na yaƙin duniya suna kwance suna tsatsa, duk wanda zai kafa turakun lantarkin iska ko ya ja waya a tekun sai ya fara tura sona ta duba masa.

Salam Malam. Mu masunta ne a Lagdo. Bara injin kwalekwalen ƙanina ya faɗa ruwa, mun yi kwana uku muna nutso ba mu same shi ba. Kuma ka san in ruwa ya ci mutum wani lokaci sai an kwana biyu. Wannan abin zai yi mana amfani? Nawa ne kuɗinsa?
*Masunci, daga Lagdo*

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Tambayarka ta fi min duk sauran daɗi don ka gano abin da kanka, injin bai san nakiya ba, shi dai abu mai tauri a kan ƙasa mai laushi yake gani, injin kwalekwale da nakiya duk ɗaya ne a wurinsa. Babban yayan ƙaramin REMUS 100 ɗin nan, wato REMUS 6000, shi ya gano tarkacen jirgin saman Air France da ya faɗa Atlantika a Yunin 2009 da mutum 228 yana tafe daga Rio zuwa Paris, sai a Afrilun 2011 aka same shi a zurfin kusan mita 3,900. In an ga wannan, injin ƙaninka ba zai gagara ba.

Sai dai kuɗin, kar ma mu fara. Ƙaramin cikinsu ma maganar miliyoyin saifa masu yawa ake yi, ban da mai sarrafa shi da kayan gyara, kuma ba kaya ba ne da ake sayar wa kowa. Sannan ruwanmu ba irin nasa ba ne. Lagdo tun da aka datse Binuwai aka gama dam ɗin a 1982 ruwa ya haɗiye itatuwa da yawa, ga kalli da ƙugiyoyi ko'ina, abu mai farfela a baya yana tafiya shi kaɗai ba zai yi awa ɗaya ba ya naɗe. Tafkin Chadi kuma ya fi muni, yawancinsa zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba ga ciyawa, shi kuwa yana son sarari a ƙarƙashinsa da samansa. Ban ma yi maganar dorina ba.

Abin da ya dace da ku ƙanwar wannan fasahar ce, 'yar sonar da masu kamun kifi na waje ke ɗaurawa a gindin kwalekwale, allonta kamar na babbar waya, da batirin mota ko na babur take aiki, akwai mai kallon ƙasa kawai akwai mai kallon gefe dama da hagu, ta biyun ita za ku nema in don neman abin da ya nutse ne. Mutum ɗaya za ta yi masa nauyi amma ƙungiyar masunta in ta yi karo-karo ba za ta gagara ba. Na taɓa zama a kwalekwalen da aka ɗaura irinta, mai ita ya yi ta zagaye yadda ransa ya so yana cewa ba ta aiki an cuce shi, ashe gudu yake yi da yawa kuma ba ya bin layi, wuri ɗaya ya bi sau huɗu wani wurin ko sau ɗaya. An ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka, to rabon a nan tsari ne. Lokacin da abu ya faɗa, nan take wani ya danna GPS na wayarsa ya ajiye wurin, ko a jefa jarka da igiya da dutse, don kwana ukun da kuka yi ina zargin rabinsa ba a wurin kuke nutso ba, iska ta riga ta ja kwalekwalen kafin ku farga. Daga nan sai ku bi kunya-kunya a hankali kamar tafiyar ƙafa, kowane layi ya ɗan hau kan na baya, ku sake bin wurin ta gicciye don abin da ya ɓuya ta wannan fuskar inuwarsa za ta fito ta waccan. Ƙarfe yana fitowa fes a allo. Jikin mutum ya fi wuya don yana da laushi, sai ido ya saba, kuma in laka ta riga ta rufe abu to sai dai a koma ga dogon gora da ƙugiya. Ku fara gwadawa da abin da kuka sani, ku nutsar da tsohuwar taya ɗaure da igiya a wuri mai yashi, ku bi ta gefenta sau goma daga nisa daban-daban har kowa a cikinku ya gane yadda inuwarta take.